'Yar yayata ta faɗa mini abin da baffanta ke yi mata, ni kuma na yi alkawarin yin shiru

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin wani hali da ban san wanda zan tunkara da shi ba. 'Yar yayata mai shekara 9 ta zo hutu gidana, yau kwana 12. Tun zuwanta na lura ba ita ba ce. Yarinyar da ake yi wa faɗan surutu ta koma shiru-shiru, tana firgita cikin barci, har fitsarin kwance take yi, abin da ta daina tun tana shekara huɗu. Shekaranjiya da dare ina taje mata kai na ce hutu ya kusa ƙarewa, sai ta fashe da kuka ta ce ita ba za ta koma ba. Da na lallashe ta, sai ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Sannan ta ce Baffa, wato ƙanin mijin yayata da ke zaune a gidansu, yana kiranta ɗakinsa ya ba ta waya ta yi wasa, yana taɓa ta inda bai kamata ba, ya kuma ce ranar da ta faɗa Mama za ta mutu. Anti, na ruɗe. Na yi ta kuka, na yi ta jero mata tambayoyi, har na daka mata tsawa na ce me ya hana ta faɗa tun tuni. Daga nan ta yi gum, har yau ba ta ƙara cewa uffan ba. Mutumin nan kowa yabonsa yake yi, shi ke kai yaran gidan makaranta. Ina tsoron in yi magana auren yayata ya mutu a ce ni na kashe. Ina kuma tsoron ko yarinta ce ta sa ta faɗi abin da ba haka ba. Saura kwana shida su zo ɗaukarta. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki ikon ɗaukar wannan nauyi.

Daga ƙarshen wasiƙarki zan fara, don can ne wutar take ci. Ko me za a yi, ko wa zai yi fushi, yarinyar nan ba za ta koma ta kwana gida ɗaya da mutumin da ta ambata ba, har sai waɗanda aikinsu ne bincike sun bincika. Duk abin da zan faɗa miki a bayan wannan yake. Sai dai ke inna ce, ba ki da hurumin riƙe 'yar mutane da ƙarfin tsiya, shi ya sa kwana shidan nan ba na zaman tunani ba ne. Kafin su cika, ya zamana likita ya gan ta, mahaifiyarta ta sani, hukuma ma ta sani.

Kin ce kina tsoron ko ta faɗi abin da ba haka ba. Kusan duk wanda yaro ya taɓa buɗe wa ciki a kan irin wannan sai da ya ji wannan tsoron, don zuciya ta fi son a ce ƙarya ne. To amma dubi abin da ke hannunki. Ta faɗi ɗaki, ta faɗi waya, ta faɗi barazanar da aka yi mata, kuma ba ta faɗa ba sai da ta ɗaure ki da alkawari. Mai son a hukunta wani ba ya roƙon a rufe magana. Ba kasafai ƙananan yara ke ƙirƙiro irin wannan zance ba. Abin da aka fi gani shi ne su ɓoye, ko su faɗi kaɗan su bar mai yawa, su ga yadda za a karɓa. Fitsarin kwance shi kaɗai bai isa hujja ba, ciwon mafitsara na kawo shi, sauyin wurin kwana ma na kawo shi. Haka firgita cikin barci. Amma idan yaro ya sauya hali gaba ɗaya, ya koma yin abin da ya daɗe da dainawa, ya tsorata da wani mutum ko wani wuri takamaimai, ruwa ba ya tsami banza. Wasu yaran kuma ta wata fuskar abin ke bayyana: zafin fitsari, ƙaiƙayi ko ruwa a gaba, wahalar zama, karatu ya ja baya, kyaututtukan da ba a san daga ina suka fito ba, ko su riƙa faɗin maganganun manya da suka fi ƙarfin shekarunsu. Ke kin wuce matakin karanta alamomi, domin yarinya ta yi magana da bakinta, kuma maganarta ta fi duk alamomin nan nauyi.

Ba kuma a ɗora miki tabbatar da laifi ba. Wannan aikin mai bincike ne da alƙali. Zato mai tushe ya ishe ki ki kai rahoto, har ma a ƙasashe da dama doka ta wajabta wa malamai da ma'aikatan lafiya su kai da zarar sun yi irin wannan zaton, ba sai sun gani da ido ba.

Batun cewa kowa na yabonsa, wannan bai kama shi ba, bai kuma wanke shi ba. Mun saba jan kunnen yara a kan baƙon fuska a hanya, alhali mafi yawan masu lalata da yara mutane ne da yaran suka sani, iyayen kuma suka amince wa. Yawanci a sannu suke tafiya. Mutum zai zama mai amfani a gida har a saki jiki da shi, ya ware yaro ɗaya ya ja shi a jiki da kyauta da wasa, ya gwada shi da ƙaramin sirri ya ga ko zai riƙe, kafin ya kai ga babba. In ya kai, sai ya kulle bakin yaron da tsoro. Abin kuma ba ƙarami ba ne a duniya. A watan Oktoba na 2024 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata sama da miliyan 370 da ke raye, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko lalata kafin su cika shekara 18. A ɓangaren maza, kusan ɗaya cikin 11 ne. Na kawo lissafin mazan da gangan, saboda kin ce shi ke kai yaran gidan makaranta. In akwai namiji a cikinsu, kada a ce ai shi babu komai.

Yanzu ga shirun da ta yi. Kin yi kuskure da tsawar nan, kin kuma san kin yi, ba sai na nanata ba. Amma ina so ki shiga zuciyar yarinyar ki ga abin da take gani. An ce mata ranar da ta faɗa Mama za ta mutu. Mai shekara 9 ba ta ɗaukar wannan a matsayin barazanar baka, gaskiya take ɗaukarsa, tunda babba ne ya faɗa. To ta faɗa. Ta ga babbar da ta dogara da ita ta rushe da kuka tana faɗa. Ba mamaki tun daren nan jira take a bugo waya a ce Mama ta rasu, kuma ita ta kashe ta. Wannan ƙullin sai kin kwance shi da bakinki, ba zai kwance da kansa ba.

Ki same ta ku biyu, ba a gaban yaranki ba, ki zauna daidai tsayinta. Ki ce mata: "Ranar nan na yi kuka, na yi tsawa. Ba da ke nake ba, raina ne ya ɓaci da abin da aka yi miki. Na yarda da abin da kika faɗa. Ba laifinki ba ne ko kaɗan, kin kuma kyauta da kika gaya mini. Maganar Mama za ta mutu ƙarya ce aka yi miki don ki yi shiru. Ga shi kin faɗa, Mama kuma lafiyarta ƙalau." In da hali ki kira yayarki su gaisa ta ji muryarta, gaisuwa kawai. Kada ki jira amsa daga yarinyar. Ko ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta ji.

Alkawarin kuwa ba mai riƙuwa ba ne, amma kada ki karya shi a bayan idonta. Babba ɗaya ya riga ya yaudare ta, in ta wayi gari ta ga magana ta fita ba da saninta ba, kin zama ta biyu. Ki gaya mata gaskiya: "Na ce ba zan faɗa ba, amma in na yi shiru ba zan iya hana shi ba. Zan gaya wa Mama da likita da mutanen da aikinsu kare yara ne. Ƙawayenki ba za su ji ba, kuma duk wanda zan gaya wa sai na sanar da ke tukuna." Tana iya yin kuka, tana iya yin fushi da ke. Ki jure. Kada kuma ki ɗaura wani alkawarin da ba ya hannunki, irin su za a ɗaure shi gobe ko ba za ki sake ganinsa ba har abada.

Tambayoyi kuma sun isa haka. In ta ɗauko zancen da kanta, ki saurara, iyakarki "ina jin ki" ko "sai me ya faru?" Kada ki sa mata magana a baki da irin "ya cire miki wando ko?" Yaro yakan amsa abin da yake ganin babba ke son ji, kuma in aka yi ta maimaita tambaya, mutum biyar kowa da irin tasa, labarin sai ya cakuɗe, ranar shari'a lauyan wanda ake zargi ya ce koya mata aka yi. Abin da za ki yi yau shi ne ki ɗauki takarda ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, yadda ta furta su, ba yadda kika fahimta ba. In ta ce "wurin fitsarina", haka za ki rubuta. Ki sa rana da lokaci, ki rubuta tambayoyin da kika yi mata har da tsawar, ki ƙara da sauye-sauyen da kika gani tun zuwanta. Ki adana inda ba mai gani.

Gobe asibiti. Akwai magungunan da ke da ƙa'idar lokaci, kuma ya kamata duk mai karanta wannan shafi ya riƙe su a ka. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, ga yarinyar da ta fara balaga, cikin kwana biyar ne. Idan abin sabo ne kuma, ba a yi wa yaro wanka ko a wanke kayan jikinsa kafin a je. A naku lamarin waɗannan lokuta sun wuce tunda ta kwana 12 a wurinki, amma hakan bai soke zuwa ba. Za a gwada ta, a magance ciwon sanyi in akwai, a duba rigakafin ciwon hanta nau'in B, a kuma rubuta rahoton da hukuma za ta nema. Ki roƙi ma'aikaciya mace in yarinyar ta fi sakewa da ita, ki yi wa likita bayani a gefe don kada ta sake jin labarin ana yi a kanta, ki tsaya kusa da ita in tana so. Ba a danne yaro a duba shi da ƙarfi. In ta ƙi, a dakata a lallashe ta.

Kada ki duba ta da kanki, kada kuma ki bari wata ta ce a kawo ta ta gani ko budurcinta na nan. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa wannan gwaji ba shi da tushe a ilimin likitanci, cutarwa ce kawai. Ki kuma shirya wa wannan: likita na iya cewa bai ga rauni ba. A mafi yawan yaran da aka yi wa lalata haka sakamakon ke fitowa, don taɓawa ba ta barin tabo, kuma fatar wurin na saurin warkewa. Na faɗa miki tun yanzu ne saboda na san za a samu mai ɗaga takardar ya ce to ga shi, likita ma ya ce ba komai. Likita bai ce haka ba.

Rahoto kuwa, ofishin 'yan sanda za ki, ki nemi sashen da ke kula da lamuran yara da iyali in suna da shi, ko ofishin walwalar jama'a na hukuma. Asibitin ma sukan san hanya, wasu suna da jami'in walwala a ciki. Ƙasashen Afirka da dama na amfani da lambar 116 a matsayin layin agajin yara kyauta, a Turai kuma 116 111, sai ki bincika wadda ke aiki inda kike. Ba alfarma za ki nema ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda duk ƙasashen majalisar suka tabbatar ban da Amurka, a sashe na 19 ta ɗora wa hukumomi kare yaro daga cin zarafi ko da a hannun masu riƙonsa yake. Ba zan ɓoye miki ba, takarda daban, abin da ake tararwa a kan teburi daban. Kina iya haɗuwa da jami'in da zai ce ku je ku sasanta a gida. Ki rubuta sunansa, ki nemi ganin na sama da shi, ki karɓi lambar ƙorafinki, in kuma kin samu wata ƙungiyar kare yara ko lauya mace da za ta raka ki, ya fi.

Shi mutumin, kada ki tunkare shi, kada ki aika masa saƙo, kada ki bari maganar ta kai kunnensa kafin hukuma. Waya na cikin labarin nan, kuma ba wanda ya san abin da ke cikinta. In ya ji ƙishin-ƙishin, minti biyu sun ishe shi ya goge komai ya shirya abin faɗa. Kada a tara masa samari, duka na iya mayar da ku masu laifi shi ya koma abin tausayi. Mafi muni shi ne a zaunar da yarinyar a gabansa a ce ta maimaita. Duk wanda ya kawo wannan shawara, ko wane ne shi, ki ce a'a.

Yayarki ita ce mai wuyar. Ki kira ta ta zo gidanki ita kaɗai, ido da ido, kada ki faɗa mata ta waya tana cikin gidan da yake. Ki faɗi abin da yarinya ta ce da abin da kika gani, ba ƙari. Tana iya ƙaryatawa, tana iya huce haushinta a kanki, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ki ba ta uzuri. Uwa ce aka ce mata a ƙarƙashin hancinta aka cuci 'yarta, ƙaryatawar farko sau da yawa kariyar kai ce daga wannan zafin. Amma ki sanar da ita abu ɗaya da masu aiki da irin waɗannan yara suka daɗe da lura da shi: cikin abubuwan da suka fi taimaka wa yaro ya farfaɗo akwai samun uwa ko uba da ya yarda da shi ya tsaya masa. Kalmar "na yarda da ke" daga bakin Mama ta fi taki sau goma. Ku biyu za ku tsara yadda za a gaya wa mahaifin, kuna sane da cewa ƙaninsa ne ake magana. In ta yarda ku tafi hukuma tare, madalla. In ta ƙi, ki ba ta kwana ɗaya ta huce, sannan ki tafi ke kaɗai.

Dangi za su zo da nasu. Za a ce a kashe maganar a cikin gida, a rufa asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki tambaye su asirin wa za a rufa. In na yarinya ne, na yarda ɗari bisa ɗari: kada sunanta ko hotonta ko muryarta su hau Facebook ko WhatsApp, kada a yi zancen a gaban maƙwabta, ko ƙawarki ta kusa ba sai ta ji ba. In kuwa nasa ne, abin da aka saba yi shi ne a tattara masa kaya a tura shi gidan wani ɗan'uwa, can ma da yara, kuma ba wanda zai gaya wa masu gidan dalili. Zancen aure kuma, in ya girgiza ba ke kika girgiza shi ba, kuma ban taɓa ganin auren da ya ƙara ƙarfi don an bar yarinya da mai cutar da ita ba.

Wata rana, watakila bayan ta ga Mama na kuka, Baba ya daina magana, gida ya yamutse, tana iya zuwa ta ce ƙarya ta yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Roland Summit, ya bayyana wannan tun 1983: yaro ya ɓoye, ya jinkirta faɗa, in ya faɗa ya ga abin da ya biyo baya sai ya janye. Janyewa ba ta nufin ba a yi ba. Kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki ce alhamdulillahi magana ta ƙare. Ki ce mata "ko me kika ce ina tare da ke", ki sanar da mai binciken ya auna.

Sauran kuma aikin yau da gobe ne, mara hayaniya. Ta ci gaba da makaranta da wasa da 'yan aikace-aikacenta, kada a mayar da ita majinyaciya ana kallonta ana girgiza kai. Fitsarin kwance, ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ki ajiye mata kayan canji kusa, da safe ki kwashe ba tare da kowa ya sani ba, ki kuma ja kunnen yaranki a kan tsokana. Kafin ki rungume ta ko ki taya ta wanka ki tambaye ta, don ta sake koyon cewa jikinta nata ne. In wata rana ta ce tana kewar Baffa, kada ki zabura. Mutumin da ya cuce ta shi ne dai wanda yake ba ta waya yana kai ta makaranta, zuciyar yaro na iya ɗaukar biyun a lokaci guda. Saboda haka ma kada a riƙa rantsuwar kashe shi a gabanta. Ki tambayi asibiti ko akwai mai ba da shawara da ya ƙware a kan yaran da suka shiga firgici. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta ba da shawarar irin wannan zama na magana ga yaran da firgicin ya zauna musu, tare da uwa ko mai riƙon da ba shi da hannu a cutar. In kika ji tana zancen mutuwa, ko tana ji wa kanta ciwo, ko ta daina cin abinci, wannan ba ya jiran ranar da aka ba ku, ki koma da ita a ranar.

Ke ma ki samu mutum ɗaya mai riƙe magana da za ki riƙa sauke wa naki kukan, don kada ya sake zubowa a gabanta.

Na lura da wani abu a wasiƙarki. Ba lokacin da kika zaunar da ita kina kallon idonta ta yi magana ba, sai da ta juya miki baya kina taje mata kai. Yara da yawa haka suke, sun fi buɗe baki idan hannu na aiki ido na wani wuri. Yau da dare, bayan kin faɗa mata kalmomin nan, ki ɗauko matajin ki ce ta zo ki ƙarasa mata. Kada ki tambaye ta komai. In ta yi magana ki saurara, in ta kwanta ki rubuta. Da safe ki sa takardar a jaka ku kama hanyar asibiti.